Garmahon zinare: yadda ake ƙera kambun da mawaƙa ke rububi

Kambun da mawaƙi ke ɗagawa sama a daren bikin Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ba shi ne zai tafi da shi gida ba. Na aro ne. Da ya sauka daga dandamali, aka gama ɗaukar hotuna, sai ma'aikatan bikin su karɓi abinsu su ajiye wa na gaba. Nasa na ainihi sai bayan makonni zai iso, idan an gama rubuta sunansa a jiki. Dalilin kuwa ba rowa ba ce. Ƙuri'un da mambobin Recording Academy, cibiyar da ke ba da kyautar, ke kaɗawa wani kamfanin akantoci ne, Deloitte, yake ƙirga su a asirce, don haka har maƙerin da ya yi kambun bai san mai shi ba sai an buɗe ambulan a gaban jama'a. Ƙari a kan haka, ba wanda ya san adadin da za a buƙata. Rukuni ɗaya yana iya cin kambu ɗaya tak idan mawaƙi shi kaɗai ne, yana kuma iya cin goma ko fiye idan ƙungiya ce, ko kuma kundi ne da masu shiryawa da injiniyoyin sauti da dama suka sa hannu a ciki.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kambun kyautar waƙa ba zane ba ne da wani mai basira zai yi a takarda a ce an gama. Abu ne da za a yi ta ƙera irinsa ɗaruruwa duk shekara, kowane ya zama tamkar ɗan'uwansa, a riƙe shi da hannu ɗaya mai gumi, a haska shi da fitilu masu zafi, a jefa shi cikin jakar tafiya, sannan ya yi shekara hamsin a kan kanta bai dushe ba. A ganina, a maƙera ake yanke hukuncin ƙirar kambu, ba a teburin mai zane ba, kuma tarihin Grammy shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi.

An fara ba da kyautar ranar 4 ga Mayu, 1959, da rukuni 28 kacal. Da farko an so a sa mata sunan Thomas Edison, wanda ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, amma daga baya aka tsaya a kan garmaho, na'urar faifai da Emile Berliner, haifaffen Jamus, ya yi wa rajista a 1887. Abin lura shi ne a 1959 ɗin ma garmaho mai ƙaho ya riga ya zama kayan da. Tun shekarun 1930 na'urori masu lantarki suka ture shi. Wato da gangan suka zaɓi abin da ya gama tsufa, kuma wannan ne ya cece su, domin abin da ya riga ya tsufa ba ya ƙara tsufa. Da a ce sun ɗauki na'urar da ake yayi a lokacin, ko kuma daga baya wani ya kawo shawarar a mayar da kambun kaset ko faifan CD don a tafi da zamani, da yau abin dariya ne. Yaron da bai taɓa ganin garmaho yana juyawa ba, idan ya ga inuwar ƙahon nan a allon waya ya san ko mene ne.

Siffar ta yi kyau, amma tana da lahani, kuma lahanin yana daidai wurin da hannu ke kaiwa. Garmaho yana da wani siririn hannu da ke riƙe da allura, wanda a kambun shi ne ke haɗa akwatin da ƙahon. Kambun farko da cakuɗen dalma aka zuba shi, ita kuwa dalma taushi gare ta. Mawaƙin da murna ta ɗebe ba ya tsayawa neman inda ya kamata ya riƙe, wuyan nan yake caɓa ya ɗaga sama. Haka aka yi ta samun karyayyu ana mayarwa gyara.

Wanda ya magance matsalar ba shahararren mai zane ba ne, maƙeri ne. John Billings ya taso a Kalifoniya, ya shiga koyon aiki a 1976 a wurin Bob Graves, mutumin da ya zuba kambunan farko. Bayan rasuwar maigidan nasa a farkon shekarun 1980 sai sana'ar ta dawo hannunsa. Shi ne wanda karyayyun ke dawowa wurinsa, saboda haka ya fi kowa sanin inda suke karyewa. A farkon shekarun 1990 ya sake fasalin kambun: ya ƙara masa girma da kusan kashi 30 cikin 100, ya kauraro hannun allurar, sannan ya yi watsi da dalma ya haɗa nasa cakuɗen wanda tutiya ce ginshiƙinsa, ya yi masa rajista da sunan Grammium. Bai taɓa siffar da mutane suka sani ba. Wanda ya ga tsohon ya ga sabon zai ce garmaho ne, shi ke nan. Gyaran duk a ɓoye yake, a kauri da nau'in ƙarfe. A 1993 kuma ya kwashe maƙerarsa ya koma Ridgway, wani ƙaramin gari cikin duwatsun jihar Colorado wanda mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Daga wannan lungu kambunan Grammy ke fitowa, har da na Latin Grammy da aka fara a 2000, abin da ya kai kimanin 600 a shekara.

Me ya sa tutiya? A nan ne ilimin sana'ar yake. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, tutiya a wajen 420, alminiyam a 660, tagulla kuwa sai an kusa kai 1,000. Ƙarfen da ke narkewa a ƙaramin zafi ana iya zuba shi a mazubin ƙarfe guda ɗaya sau dubbai ba tare da mazubin ya lalace ba, kuma ba ya buƙatar babbar murhu. Tutiya ta fi dalma tauri nesa ba kusa ba, ba ta da gubar dalma, tana bin kowane lungu na mazubi ta fito da ƙananan zane-zane tsaf, kuma tana karɓar ruwan zinare idan an yi mata shimfiɗa. Masu zuba tukwanen alminiyam a kasuwanninmu da ƙasa suke yin mazubi, kowace tukunya sai an sake danna ƙasar, shi ya sa ba za ka sami biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari ba. A tukunya wannan ba aibi ba ne. A kambu babban aibi ne, domin wanda ya ci a bana ba zai yarda nasa ya gaza na wanda ya ci bara ba.

Ba a zuba kambun Grammy gaba ɗaya. Gindi daban, akwatin garmahon daban, hannun allura daban, kowane da mazubinsa. Akwai dalili. Ƙarfe idan ya daskare dole ya iya fita daga mazubi, don haka duk siffar da ke da lanƙwasa ta koma ciki sai an raba ta gida-gida, in ba haka ba ta maƙale. Sannan ƙarfe yana tsukewa idan yana hucewa, kuma wuri mai kauri ya fi siriri jinkirin hucewa. Inda kauri da siranta suka haɗu, nan ne ƙarfen ke yin rami ko tsaguwa daga ciki, ido bai gani ba sai ranar da abin ya faɗi. Mai zanen da bai taɓa tsayawa gaban murhu ba ba ya tunanin wannan. Shi layi mai kyau yake nema.

Ƙahon ma ba zuba shi ake yi ba. Faifan farin gaci ake ɗaurawa a injin da ke juyawa da gudu, a riƙa danna shi a hankali a jikin wani gungume mai siffar ƙaho har ya lanƙwasu ya ɗauki siffar. Wannan ne ke ba shi siranta da rashin nauyi. Da zuba shi aka yi da nauyin kambun ya koma sama, ya riƙa kifewa daga kan tebur da ɗan taɓi. Gindin kuwa ana so ya yi nauyi, ana kuma fesa masa baƙin fenti don zinaren ya ƙara fitowa. Idan an harhaɗa, kambun yana kai nauyin kilo biyu da 'yan kai, tsawonsa kuma bai kai ƙafa ɗaya ba. Wannan nauyi ba haɗari ba ne aka same shi. Kambun da ya yi shafal yana sa mai karɓa ya ji kamar an raina shi, wanda ya yi nauyi da yawa kuma mawaƙiyar da ke riƙe da makirfo a ɗaya hannun, ga doguwar riga ga takalmi mai tsini, ba za ta iya ɗaga shi ba.

Mafi yawan aikin ba a zubi yake ba, a gogewa yake. Ana ƙiyasta cewa kowane kambu yana cin kimanin awa 15 na aikin hannu, kuma kaso mafi tsoka yana tafiya ne a kankare tabon da bakin mazubi ya bari, da bi da magagari, da goga da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, da gogewa da ƙyalle a inji har fuskar ƙarfen ta zama madubi. Mutane da yawa suna zaton ruwan zinare yana rufe aibi. Akasin haka ne. Zinaren da ake shafawa ya fi gashin kai siranta sau da yawa, don haka duk ƙarzar da aka bari a ƙasa sai ta fito fili, har ta fi da bayyana saboda ƙyalli. Yadda ake shafa shi kuwa, ana tsoma ƙarfen ne a ruwan sinadari mai ɗauke da narkakken zinare, a saki lantarki, ƙwayoyin zinaren su riƙa mannewa a jiki. Kafin nan akan yi shimfiɗa da jan gaci ko nikel, domin zinare ba ya zama da kyau kai tsaye a kan tutiya. Na Grammy karat 24 ne, wato tsantsa. Matan da ke sayen sarƙa sun san 21 da 18, waɗanda aka gauraya da wasu ƙarafa don su yi ƙarfi. Tsantsar ba ta yi wa sarƙa saboda taushi, amma a shafe ta fi kowace launi, kuma ba ta tsatsa.

Saboda haka duk wanda ya kankare zinaren kambun nan ya kai kasuwa zai sha kunya. Darajarsa ba ta jikinsa. Masu kyautar ma sun san haka, shi ya sa suke tsare ta da takarda: wanda ya ci Grammy yana amincewa da sharaɗin cewa ba zai sayar ba. Masu kyautar fina-finai ta Oscar sun fi tsanantawa, domin tun farkon shekarun 1950 doka ce cewa duk mai son rabuwa da nasa sai ya fara tallata wa hukumar a kan dala ɗaya. Kowane kambun Grammy kuma yana da lambarsa, ta yadda za a iya gane na wane ne idan ya ɓulla inda bai kamata ba.

Duk da gyaran Billings, hannun ɗan Adam bai daina ɓarna ba. A 2010 Taylor Swift ta rungumo kambu huɗu a bayan fage, ɗaya ya suɓuce ya faɗi ya rabu. A 2017 na Adele ya ɓalle gida biyu a hannunta a kan dandamali, duniya na kallo, har aka yi ta yaɗa cewa da gangan ta raba shi don ta ba abokiyar takararta rabi. Duka biyun na aro ne, kuma a nan ake ganin wani amfanin dabarar: abin da zai sha wahalar daren ba shi ne zai zauna a gidan mai shi ba. Na aron sun ma ba da damar yin wasa da fasaha. A 2016 an dasa ƙaramar kyamara a gindinsu don masu kallo su ga zauren daga hannun wanda ya ci.

Turawan Birtaniya wata hanya suka bi daban. Kyautarsu ta BRIT tana da siffar Britannia, macen nan mai hular yaƙi da ke wakiltar ƙasar, amma tun 2011 kusan kowace shekara sai su miƙa ta ga wani fitaccen mai fasaha ya yi yadda ya ga dama da ita. Vivienne Westwood, mai zanen tufafi, ita ta fara. Peter Blake ya biyo a 2012, Damien Hirst ya cika ta da ɗige-ɗige masu launi a 2013. Zaha Hadid, mai zanen gine-gine haifaffiyar Bagadaza, ta fara nata amma ta rasu a Maris ɗin 2016, sai abokan aikinta suka kammala aka raba a 2017. Anish Kapoor ya yi ja a 2018, David Adjaye, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, ya yi na gilashi a 2019. A 2021 Es Devlin da Yinka Ilori, ɗan asalin Najeriya, suka kawo wani sabon abu: kowa ya ci sai a ba shi biyu, ya riƙe ɗaya ya ba wanda yake ganin ya cancanta ɗaya. A 2023 aka ba Slawn, matashi haifaffen Legas, a 2025 kuma Gabriel Moses, shi ma ɗan asalin Najeriya.

Irin wannan sauyi na shekara-shekara ya yi sauƙi ne saboda kwamfuta. A yau mai zane yana gina siffar a allo, a jujjuya ta ta kowace fuska, a lissafa nauyinta da inda za ta rinjaya tun ba a narka ko giram ɗaya ba, sannan injin da ke fitar da abu mai jiki ya buga samfurin da roba cikin awoyi. Daga nan kuma, idan tagulla ake so, sai a koma ga dabarar da ta girmi kowa: a yi siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Da ita maƙeran Ife da na Benin suka yi kawunan tagullarsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, da ita kuma maƙeran Abzinawa ke zuba kurus ɗin Agadas na azurfa. Masu Oscar ma a 2016 haka suka yi, suka ɗauki hoton wani tsohon mutum-mutuminsu na 1929 da na'ura, suka koma zubin tagulla ta hanyar kaki. Dabarar tana fitar da zane mai kyau ƙwarai, sai dai kowane ɗaya sai an fasa mazubinsa, don haka tana da tsada da cin lokaci. Ta dace da mai raba kambu goma sha, ba ta dace da mai raba ɗari shida ba.

Wace hanya ta fi? Ta BRIT tana da riba a fili. Kowace shekara kambun kansa labari ne a jaridu tun kafin bikin, kuma an buɗe wa matasa masu fasaha ƙofa, ciki har da 'yan Afirka. Amma ni dai ina ganin sun biya farashi mai tsada. A jera kambunan BRIT na shekara goma a kan tebur, baƙo zai ɗauka kyaututtuka goma ne daban-daban. Wanda ya ci a shekarar da zanen bai yi armashi ba haka zai zauna da shi har abada, ba laifinsa ba. Grammy kuwa, wanda Burna Boy ya samu a 2021 da wanda Tinariwen na hamadar Mali suka samu a 2012 abu ɗaya ne, shi ne kuma dai wanda Bombino na Agadas ya shiga takararsa a 2019. Sabon mawaƙi yana riƙe da irin abin da manyan da yake sha'awa suka riƙe, kuma rabin daɗin kyautar ke nan. Tashar MTV ta nemi tsakiya: ɗan sama jannatin da take bayarwa tun 1984 yana nan yadda yake, sai jefi-jefi a ba wani mai fasaha ya yi masa ado na shekara ɗaya a koma gida.

A Najeriya, masu kyautar Headies, wadda ta fara a 2006, sun fahimci wannan. Kan nan mai buɗaɗɗen baki yana ihu ba kowa ne yake ganin kyansa ba, amma ba ka rikita shi da na kowa, kuma sun riƙe shi. Inda abin ke ba ni takaici shi ne ɗimbin bukukuwan karrama mawaƙa da ake yi a otal-otal, inda ake kashe kuɗi a kan zaure da fitilu da abinci, sannan ana saura kwana biyu a aika yaro kanti ya sayo allunan roba masu ƙyalli, irin waɗanda ake ba ma'aikacin da ya yi ritaya, a manna suna da sitika. Bayan wata shida sitikar ta ɗaye, ba abin da ke nuna daga ina abin ya fito. Alhali maƙeran fari suna nan a Kano, masu aikin tagulla suna nan a Bida, kuma kalangu ko gurmi ko kakaki kowannensu siffa ce da ake ganewa daga nesa. Akwai ma wata fa'ida da garmaho ya samu ba da niyya ba, wadda mai ƙira a ƙasar Musulmi ya kamata ya lura da ita: kayan kiɗa ne, ba surar mutum ba, don haka ba wanda zai yi ɗari-ɗarin ajiye shi a falo. Sai dai wanda zai ɗauki kakaki ya tuna da hannun allurar Grammy, domin duk abu dogo siriri a nan zai karye.

Akwai tambayar da masu shirya kyauta kan manta sai rigima ta taso: mazubin na wane ne? Siffar Grammy mallakar Recording Academy ce, da rajistarta, amma sanin yadda ake fitar da ita yana hannun 'yan mutane ƙalilan a wata ƙaramar maƙera. Wannan ne ya sa ingancin bai sauya ba shekara da shekaru, shi ne kuma raunin tsarin, domin sana'ar da ke kan mutum huɗu ko biyar tana buƙatar magada. Graves ya koya wa Billings, Billings ya koya wa yaransa na aiki. Ko jigilar ma Billings bai cika yarda ya bar wa kamfanonin aika kaya ba. Shekaru da dama shi da kansa yake loda kambunan a tirela ya ja mota daga duwatsun Colorado har Kalifoniya. Rukunan kuma sai ƙaruwa suke: daga 28 sun kai 109 kafin a zaftare su zuwa 78 a 2012, suka sake hawa har 94 a 2024, shekarar da aka ƙara rukunin waƙoƙin Afirka wanda Tyla ta Afirka ta Kudu ta fara ci. Kowane sabon rukuni da aka amince da shi a ɗakin taro a Kalifoniya, a Ridgway ƙarin awa 15 ne aƙalla na magagari da samfefa.